Kwana tara a Sao Paulo kafin a shiga aji: yadda za ka tsara abinka in daga Gombe ko Bauchi ka taso

Tun da na dawo hutu yara ke tare ni, wani a masallacin unguwarmu a Tumfure wani a wajen ɗaurin aure, tambayar dai guda ce, wai Yaya ka ce ka yi kwanaki a Sao Paulo kafin ka wuce makaranta, mu ma in Allah ya sa mun samu gurbin karatu a Birazil mu yi hakan ne ko mu wuce kai tsaye? Toh na gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Da farko in cire muku wani tunani. Akwai masu cewa sai ka fara zuwa ka ga gari, ka dawo gida, sannan ka sake shiri ka koma karatu. Wallahi in ba Baffanka ne zai biya ba ko wata hukuma, kar ka soma. Tikiti biyu kenan, biza biyu kenan, domin bizar ziyara daban ta karatu daban, kuma kuɗin jirgi zuwa Kudancin Amurka ba kuɗin Gombe Line zuwa Abuja ba ne. Abin da na yi, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne ka karɓi bizarka ta karatu, wadda suke kira VITEM IV, sai ka yanki tikiti ka sauka kwana bakwai zuwa goma kafin ranar da makaranta ta ce ka bayyana. Waɗannan kwanakin ka yi su a Sao Paulo tunda dama nan jirgin zai ajiye ka. Kuma ba yawon ɗaukar hoto za ka je ba, za ka je ne ka koyi yadda ake rayuwa a ƙasar tun kafin lakca da aikin gida su hau kanka, yadda ake shiga jirgin ƙasa, yadda ake sayen abinci ba a sa maka naman alade ba, inda masallaci yake, yadda ake riƙe waya a titi. Ni makarantata a Piracicaba take, makarantar aikin gona ta Jami'ar Sao Paulo da ake kira ESALQ, tafiyar kamar kilomita 160 daga birnin, kuma da na wuce can kai tsaye da satin farko a ruɗe zan yi shi.

Takardu tukuna, don nan ne mutanenmu ke shan wahala. Ofishin jakadancin Birazil yana Abuja, suna da ƙaramin ofishi a Legas, mu na Abuja ya fi mana kusa. Takardun makarantarka sai sun bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje an buga musu hatimi, sannan ofishin jakadancin ya tantance, in ka isa can kuma akwai masu fassara da gwamnati ta rantsar, su ne kaɗai ake karɓar fassararsu zuwa Fotugis, fassarar da wani ya yi maka a shagon kwamfuta a bakin kasuwar Wunti ba za ta yi aiki ba. Akwai takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Akwai kuma takardar hukumar NDLEA, saboda Birazil tana cikin ƙasashen da ake neman wannan tantancewar kafin tafiya, ka fara nemanta da wuri don tana cin lokaci. Ka yi allurar shawara ka karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, ka liƙa shi cikin fasfo.

Wani abu da zai ba ka dariya amma da gaske ne, sunan mahaifiya. A Birazil kusan kowace takardar hukuma sai an rubuta sunan uwa da na uba cikakke. Mu da muka tashi ba ma iya kama sunan Inna a baki, ni sai da na tsaya gaban wata ma'aikaciya tana tambayata sunan mahaifiyata ina ta sunkuyar da kai kamar an kai ni gaisuwar surukai. Ka tabbata takardar haihuwarka tana ɗauke da sunayensu duka biyu, kuma yadda aka rubuta a nan haka aka rubuta a ko'ina, in wuri ɗaya Aishatu ne wani wurin Aisha, ko Muhammad da Mohammed, za su mayar da kai baya. Sannan ka nemi lambar CPF tun kana gida in zai yiwu, ana iya nema ta ofishin jakadanci. Lamba ce ta haraji amma ita ce komai a can, layin waya, asusun banki, hayar ɗaki, har a kanti mai karɓar kuɗi zai tambaye ka “CPF na nota?”, wato a sa lambarka a rasit, in ba ka so ka ce “não” kawai ka wuce.

Masu neman digirin farko, hanyar da aka fi sani ita ce shirin PEC-G na gwamnatin Birazil, tsohon shiri ne tun 1965 kuma Najeriya na ciki, ba ka biyan kuɗin makaranta amma ci da sha da wurin kwana a kanka suke, kuma sai ka ci jarrabawar harshen Fotugis da ake kira Celpe-Bras. Masu digiri na biyu da na uku akwai PEC-PG. Wannan maganar ta wata rana ce, na ambata ne don kar wani ya zo min da tambayar.

Tafiyar kanta doguwa ce. Daga Gombe ko ka bi jirgi daga filin Lawanti ko ka shiga mota zuwa Abuja, na Bauchi su bi Yankari Express ta Jos, amma ko ta ina ka bi ka kwana a Abuja kafin ranar tashi, kar ka ce za ka taso da asuba ka tarar da jirgin rana, hanyar nan kun san halinta. Ni ta Adis Ababa na bi da jirgin Habasha, wanda yake tashi daga Abuja da Kano ma, abin haushi sai ka yi gabas wajen awa biyar sannan ka juyo yamma ka ratsa Afirka gaba ɗaya da tekun Atilantika wajen awa goma sha biyu. Akwai masu bi ta Doha ko Istanbul, akwai ta Luwanda daga Legas. Ka duba wanda zamansa na jira bai yi tsawo ba kuma ba ya buƙatar wata biza a hanya. Lokacin yankan tikiti ka zaɓi abincin Musulmi tun a nan. Agogon Sao Paulo yana bayan namu da awa 4, in Hajiya ta idar da sallar isha'i a Gombe kai ko magariba ba ka yi ba, sai ku tsayar da lokacin waya tun kafin ka tafi don kar ta kira ka ƙarfe biyun dare tana cewa ai gari ya waye.

Dan Allah, dan Annabi, kar ka karɓi saƙon kowa. Ko zuwa ko dawowa. Ko a filin jirgi ne wani dattijo mai kamala ya ce ka riƙe masa 'yar jaka, ko a can wani ɗan Najeriya ya yi maka kirki kwana biyu sannan ya ce ga takalma ka kai wa ƙaninsa Legas. Hanyar Sao Paulo zuwa Najeriya sananniya ce wajen safarar hodar iblis, ana kama mutane a kai a kai, kuma in aka buɗe jaka aka gani ba wanda zai saurari “ban sani ba”. Haka kuma kilishi da dambun nama da man shanu da Inna za ta ɗaure maka, ka ci abinka a Abuja, ma'aikatan kula da kayan gona a filin jirginsu ba sa barin nama da kayan dabba marasa tambarin kamfani su shiga, haka irin shuka. Ƙasa ce da ta dogara da noma da kiwo, ba sa wasa da wannan.

Filin jirgin da za ka sauka sunansa Guarulhos, kamar kilomita 25 daga tsakiyar gari. Akwai jirgin ƙasa, layi na 13, yana da arha, amma ranar farko da akwatuna biyu da gajiyar kwana guda a sama ban ba ka shawara ba. Ka kama intanet ɗin filin jirgin ka kira Uber ko 99, wannan ta biyun manhajarsu ce ta can, ko ka je teburin tasi na hukuma ka biya. Wanda ya tare ka a ƙofa yana cewa tasi tasi ka wuce shi kamar ba ka ji ba. Kuɗinsu sunansa real. Ka canza dala kaɗan a filin jirgi wadda za ta kai ka masauki ka ci abinci, sauran ka bari sai cikin gari a shagunan canji da ake rubuta wa câmbio, farashin ya fi kyau. Kar ka dogara da katin naira shi kaɗai. Su can kusan komai da kati ne ko Pix, wata hanyar tura kuɗi ce nan take da babban bankinsu ya fito da ita a 2020, har mai tallan gyaɗa a bakin titi yana karɓa, amma sai ka buɗe asusu tukuna, kafin nan tsabar kuɗi ƙanana su ne abokanka.

Sanyi. Nan ne na yi wauta. Na bar Gombe ƙarshen Yuli ana tsakiyar damina, na ce ai Birazil ƙasar zafi ce ƙasar ƙwallo da bakin teku, na zuba kaftani da 'yan riguna marasa nauyi. Ashe su yanayinsu a juye yake da namu, Yuni da Yuli ne tsakiyar hunturunsu, ga birnin a kan tudu yake sama da mita 700, ga wani yayyafi siriri da suke kira garoa wanda ba ya jiƙa ka sosai amma yana shiga ƙashi, ga gidajen ba abin ɗumama ɗaki. Daren farko da safa biyu da hula da jallabiya a kan kaftani na kwana, sanyin Jos na watan Janairu ne ya zo min a rai amma wannan da danshi. Washegari na nufi unguwar Brás inda ake sarin tufafi na sayi rigar sanyi. In kuma zangon farko za ka fara, wato wajen Fabrairu ko Maris, to zafi za ka tarar da ruwan sama mai ƙarfi da la'asar wanda yake cika tituna, ka riƙe lema. Ka kuma duba kalanda kar kwanakinka su faɗa cikin bikin Carnaval, babban bikin titi da suke yi duk shekara, ofisoshi a rufe, masauki ya yi tsada, tituna cike da kiɗa da giya da shigar da idonka bai saba gani ba, ba abin da za ka iya gudanarwa a satin.

Masauki ka nema kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wannan ya fi komai. Ni a kusa da titin Paulista na zauna, wajen ya ɗan fi tsada amma da dare akwai haske akwai mutane. Vila Mariana da Pinheiros ma ba laifi. Za ka ga ɗakuna masu arha sosai wajen Luz da Santa Ifigênia, arhar tana da dalili, yankin ne da aka daɗe ana fama da masu shaye-shaye a titi, baƙo da akwati ba shi da abin yi a nan da dare. In masaukin haɗaka za ka kama irin na matafiya ka karanta da kyau, da yawa ɗakin maza da mata a haɗe ne, ka nemi na maza zalla ko ɗan ɗaki naka kai kaɗai, ƙannena mata ku kuma akwai na mata zalla, shi za ku tambaya. Ka sa 'yar butar roba a akwati, ba nauyi gare ta ba, wasu banɗakunan suna da ɗan tiyon tsarki wasu babu. Takardar banɗaki a kwandon gefe ake jefawa. Soket ɗinsu ramuka uku ne zagayayyu, cajarka mai kai irin namu ba za ta shiga ba sai da adafta, kuma wutar yawancin gidaje a birnin volt 127 ce ba irin tamu ba, caja da laftof ba matsala, amma dutsen guga ko hita da ka ɗauko daga gida ba za su yi ƙarfi ba.

Kwana biyun farko ka ba wa jirgin ƙasa. Ka je tasha ka sayi tikiti ka shiga, ka sauka, ka canza layi, ka ɓata, ka dawo. Layukan da launi ake gane su, shuɗi da kore da ja da ruwan ɗorawa, ko ba ka jin harshen za ka iya bi. Akwai katin Bilhete Único da mazauna gari ke amfani da shi a bas da jirgi, in a birnin za ka zauna ka yi shi daga baya. Ka guji shiga da safe wajen bakwai da yamma wajen shida, musamman tashar Sé, garin mutum sama da miliyan 11 ne, cunkoson babbar kasuwar Gombe ana jajibirin sallah wasa ne a kan wannan. In Jami'ar Sao Paulo ce makarantarka, layi mai ruwan ɗorawa zai kai ka tashar Butantã, daga nan bas zuwa cikin harabar, ka je tun kafin ranar rajista ka gano ginin sashenku da ofishin ɗalibai baƙi da gidan cin abincin ɗalibai da suke kira bandejão. Jami'ar tun 1934 take, kuma faɗinta ya isa mutum ya yini yana neman ƙofa ɗaya. Ka duba allunan sanarwa, nan ake liƙa tallan república, wato gidan da ɗalibai ke haɗa kuɗi su kama tare. Kama gida kai kaɗai yana da wuya ga baƙo don sukan nemi wanda zai tsaya maka, fiador, ko ka ajiye kuɗin wata da watanni. Kar ka tura wa kowa kuɗin ɗaki tun kana Najeriya ba ka ga ɗakin da idonka ba, wannan ma yana cikin amfanin zuwa da wuri.

Turanci ba zai fisshe ka ba, in gaya maka gaskiya. Direba, mai shago, ɗan sanda, mai gadi, da wuya ka samu mai ji. Kuma Fotugis suke yi ba Sifaniyanci ba. Tun da ƙasar ce ta fi kowace ƙasa a wajen Afirka yawan baƙar fata, ba wanda zai kalle ka ya san baƙo ne, za su zo su yi ta zuba maka magana har da tambayarka hanya. Ka haddace 'yan kalmomi tun a gida, bom dia barka da safiya, obrigado na gode, mace ta ce obrigada, quanto custa nawa ne, onde fica ina wuri kaza yake, não entendo ban gane ba. Ka saukar da Fotugis a manhajar fassara yadda za ta yi aiki ba data. Wajen gaisuwa mata kan miƙo kumatu, a Sao Paulo sumba ɗaya ake yi a kunci, in ba ka so ka riga su, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi ka ɗan rusuna, ni ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba.

Yanzu abinci, inda zan daɗe. Shinkafa da wake ne abincin kullum a ƙasar, ka ga kamar an yi don mu, amma a nan tarkon yake, saboda waken sau da yawa da ɗan naman alade ake dafa shi don ƙamshi, kuma in ka tambayi mai abinci ko akwai alade zai ce babu da zuciya ɗaya, shi a wajensa bacon ba alade ba ne kayan ɗanɗano ne. Saboda haka kalma ɗaya ba ta isa ba. Ka rubuta waɗannan a takarda ka riƙa nunawa: porco, bacon, presunto, linguiça, calabresa, toucinho, banha. Duk alade ne ko kitsensa. Feijoada da za su yi ta yi maka talla, wadda ake yi ranar Laraba da Asabar, baƙin wake ne da sassan alade, ba taka ba ce. Farofa, garin rogo ne soyayye kamar garin kwaki, shi ma sau da yawa da bacon. Shahararren burodin nan na babbar kasuwar Mercadão mai tulin nama a ciki, mortadela ce, ita ma da alade a ciki, ka kalla ka wuce wajen 'ya'yan itace. Inda ya fi sauƙi shi ne gidajen abinci na kilo, ka ɗauki faranti ka zuba abin da idonka ya gani a auna ka biya, farar shinkafa, kifi, ƙwai, ganye, soyayyen rogo, ayaba. Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Larabawa, amma abin mamaki kazar da ke cikin kantin unguwa ba lallai ka ga tambarin halal a jikinta ba. Hukuncin cin wannan na bar wa malamai, ka tambayi naka kafin ka taso, ni dai mahautan halal na nema wajen Pari da Brás inda Larabawa suke da yawa, a nan kuma za ka samu esfiha da kibe, abincin Larabawa ne na nama, ka ci ka ƙoshi.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da na shiga Zona Cerealista, kusa da Mercadão ɗin, layin masu hatsi ne, ina shiga ƙamshin ya kai ni Tudun Hatsi. Ga zoɓo busasshe suna ce masa hibisco, ga citta, ga kanumfari, ga gyaɗa, ga farin wake irin namu da suke kira feijão fradinho, ga garin masara fubá wanda yake tuƙuwa tuwo lafiya lau. A kasuwar titi ta mako-mako, feira, na ga kuɓewa, quiabo, na ga gauta suna kiranta jiló, manja kuma dendê. A ƙarshen layin kasuwar akwai mai matse rake a inji ya ba ka ruwan a kofi da sanyi, ka haɗa da pastel, wata soyayyar fulawa ce mai cuku a ciki. Daga ranar hankalina ya kwanta na san ba zan mutu da yunwa ba. Kuka da daddawa ne dai ban gani ba.

Ka tsara kwanakin yadda Juma'a za ta faɗo ciki. Mesquita Brasil da ke unguwar Cambuci a kan titin Avenida do Estado shi ne masallaci mafi daɗewa a ƙasar, Larabawan Sham da Lebanon da suka yi ƙaura ne suka kafa shi, akwai kuma na Pari, akwai ƙananan wuraren salla a tsakiyar gari wajen República inda 'yan Afirka ta Yamma suka fi taruwa. Ba za ka ji kiran salla a titi ba, sai ka dogara da manhaja, alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa. Ka tsaya bayan salla ka gaisa da mutane, a nan na samu wani ɗan Ghana mai jin Hausa da ya nuna min inda ake yin rajistar layin waya, ya kuma haɗa ni da wani ɗalibi a garin da zan je. Amma ka tuna maganar saƙo da na yi a sama, haɗuwa a masallaci ba ta soke ta ba.

Waya. Ɓarayin waya a kan keke da babur suna da yawa, kana tsaye bakin titi kana duba taswira sai dai ka ji fiu. In za ka duba ka shiga shago ko ka juya wa titi baya ka jingina da bango. Fasfo ka bar shi a masauki ka yawo da kwafi da hotonsa. In aka tare ka ka miƙa, kar ka yi jarumta. 'Yan sanda 190, motar asibiti 192, kuma asibitocin gwamnati na tsarin SUS suna duba kowa kyauta har baƙo.

Yawon buɗe ido kwana ɗaya ko biyu ya isa. Ranar Lahadi ana rufe titin Paulista ga motoci, mutane su cika shi da kekuna da yara, ka taka daga farko zuwa ƙarshe. Pátio do Colégio shi ne inda aka kafa garin a 1554, minti ashirin ya ishe ka, da rana za ka je. Titin 25 de Março kasuwar kayan arha ce, ka riƙe aljihunka. Amma wanda ba na so ka bari shi ne gidan tarihin Afro Brasil a cikin lambun Ibirapuera, ban da Litinin don a rufe yake. Mu ba a koya mana a makaranta cewa an kai Hausawa Birazil a zamanin cinikin bayi ba, alhali an kai su da yawa jihar Bahia a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, kuma sunansu ya fito a yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814. A Janairun 1835 cikin watan azumi Musulmi bayi da 'yantattu suka yi bore a birnin Salvador, wanda ake kira boren Malê, yawancinsu Yarabawa ne da Hausawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba a haramta bauta a ƙasar ba sai 1888. Har yau a Bahia akwai wani abinci da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa kenan, kuma acarajé ɗinsu ƙosai ne aka soya da manja aka tsaga aka cusa jatan lande. Na tsaya a gidan tarihin nan na fi awa uku, na fito jikina a sanyaye, na zauna a kan benci na kira Baffa ina ba shi labari yana ta salati.

Rajista da 'yan sandan tarayya, Polícia Federal, dole ce cikin kwana 90 da shigarka, ita ce za ta ba ka katin zama na CRNM. Kar ka ɓata kwanakinka na Sao Paulo a kanta in ba a nan za ka zauna ba, tunda suna son adireshin inda kake zaune, amma ka shiga shafinsu ka ga yadda ake kama rana, don layin yakan yi nisa lokacin da ɗalibai ke shigowa.

Ranar tafiya makaranta, in garinku na cikin jihar ne ko maƙwabta, bas za ka hau. Babbar tashar ita ce Tietê, layi shuɗi yana ajiye ka a cikinta, wasu garuruwan kuma daga Barra Funda ake tashi, sai ka duba tun jiya. Ka je da fasfo na asali don ana dubawa kafin ka hau, kowane akwati za a liƙa masa lamba a ba ka rabin takardar, kar ka yar da ita sai ka karɓi kayanka. Motar tana tashi a kan minti, ba a jiran ta cika, ba kwandasta mai kiran saura mutum ɗaya. Ka zaɓi ta safe don ka isa da rana ofishin makaranta a buɗe, kuma rigar sanyin nan ta Brás ka riƙe ta a hannu kar ka sa a akwati, na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi, ni awa biyu da rabi na yi zuwa Piracicaba hannuwana a cikin hammata ina kallon gonakin rake ta taga.